Jikokin Mace Ɗaya: Mun Bi Sawun Basasar Kano da Mota

Idan aka ce yaƙin basasa, yawancinmu sai hankalinmu ya tafi ga yaƙin da aka yi a ƙasar nan daga 1967 zuwa 1970, wanda kakanninmu maza suka je, waɗansu suka komo, waɗansu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. To, amma kalmar ta girmi wannan yaƙi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Kano sun yi wani yaƙi a tsakaninsu, wanda har yau in kin ce Basasa a cikin birni, tsofaffi sun san shi ki ke nufi. An soma shi a ƙarshen 1893, aka ƙare a farkon 1895. Ko shekara biyu bai cika ba, amma ɓarnar da ya yi ta daɗe ba ta gyaru ba.

A hutun makaranta na ƙarshen shekara, ni da waɗansu malamai mata biyu waɗanda muka yi kwalejin horon malamai tare, muka sauka Kano wurin gwaggona. Da ma mun karanta labarin Basasa a aji, har mun amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai muka roƙi yayana, wanda ke da 'yar motarsa, ya kai mu mu ga wuraren da abin ya auku. Kwana biyu muka yi muna yawo. Abin da muka gani da wanda muka ji shi na ke so in ba ku labari yau, gama na komo Bagega da wani tunani wanda ya shafe mu mata fiye da kowa. Yaƙin nan a cikin gida aka haife shi, kuma jikokin mace ɗaya ne suka yi shi.

ASALIN ABIN

Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, ya rasu a 1846. A cikin iyalinsa akwai wata mace ana ce da ita Shekara. Allah ya yi wa matar nan baiwar da ba kasafai a ke samun irinta ba, domin 'ya'yan cikinta uku sun yi sarautar Kano bi da bi, watau Usman, sa'an nan Abdullahi, sa'an nan Muhammadu Bello. Sunanta ne makarantar 'yan mata ta Shekara da ke cikin birnin Kano ta ke ɗauke da shi.

Abdullahi ya hau a 1855, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana mulki. Ya haifi 'ya'ya masu yawa ƙwarai, ya ba waɗansu sarauta, matan kuwa ya aurar da su ga hakimai da manyan gari. Ya rasu a Karofi, cikin ƙasar Katsina, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, shi ya sa a ke ce masa Maje Karofi. Da ƙanensa Bello ya gaje shi, sai ya tarar duk inda ya juya 'ya'yan wansa ne da surukansa da barorinsa. Shi kuwa so ya ke ɗansa Tukur ya gaje shi. Sai ya shiga tuɓe mutanen Abdullahi ɗaya bayan ɗaya yana naɗa nasa, har ya kai Tukur ga sarautar Galadima.

Masu tarihin Kano sun rubuta wani abu kuma wanda ya kamata kowace mace ta tsaya ta yi tunani a kansa. An umurci masu sarauta da ke auren 'ya'yan Abdullahi su zaɓi ɗaya cikin biyu, ko su saki matan ko su ajiye rawani. Waɗansu kuwa suka saki. Ku duba fa, matan nan ba su nemi sarauta ba, ba su ɗauki takobi ba. Mace tana ɗakinta da 'ya'yanta, rana ɗaya a ce ta tattara kayanta ta koma gida, laifinta kawai sunan ubanta. In ta koma wurin 'yan'uwanta maza tana kuka, me ku ke tsammani za su ƙulla a zuci? Shekara kusan goma ana tara irin wannan baƙin ciki.

A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai yaƙi Argungu, amma Kabawa suka rinjaye shi. Ran nan Galadima Tukur, wanda ya jawo rundunar Kano, ya nuna jaruntaka ƙwarai, Sarkin Musulmi kuwa ya riƙe masa wannan alheri. Da Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano. Ya ga inda zuciyar jama'a ta karkata, watau wajen Yusufu ɗan Abdullahi, ya kuma ba da shawara haka. Amma Sarkin Musulmi ya ce lalle Tukur za a naɗa, aka kuwa naɗa shi. Yusufu da 'yan'uwansa suka ƙi yin caffa, suka fice daga birni suka nufi Takai. Daga nan ƙasar Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ɗan wa, Tukur ɗan ƙane, kakarsu ɗaya.

RANA TA FARI: TAKAI DA GARKO

Mun soma da Gidan Makama, watau gidan ajiye kayan tarihi da ke kusa da gidan Sarki. Wadda za ta yi irin wannan tafiya ta fara daga nan, don ta ga irin makaman zamanin da kayan doki da hotunan ƙofofi, ta kuma bi jerin sarakuna, in ba haka ba sunaye za su rikice mata a hanya. Daga nan muka fita ta Ƙofar Nassarawa, muka hau titin Wudil.

Daga Kano zuwa Takai kimanin kilomita 80 ne, watau mil 50. Mota ta kai mu cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. A rabin hanya muka ƙetare gadar Wudil. Yaya ya rage gudu don mu leƙa kogin, ya ce mu tuna sa'ad da Yusufawa suka bi ta nan babu gada, babu kwalta. Mayaƙa suna bisa dawaki, amma mata da yara da tsofaffi da kayan ɗaki fa? Tafiyar da muka yi muna zaune muna cin gyaɗa, su kwana biyu ko uku ce a ƙasa, cikin sanyin hunturu, ga goyo a baya ga kaya a ka. Tun daga nan motar ta yi shiru.

Ba haka kawai Yusufu ya zaɓi Takai ba. Gari ne mai ganuwa, kuma tun zamanin Sarkin Kano Babba Zaki, cikin ƙarni na 18, akwai gidan sarki a can. Abdullahi ma ya sha zama a garin sa'ad da ya ke fama da Ningawa masu kawo hari daga kudu, saboda haka mutanen wannan yanki sun san shi, sun san 'ya'yansa. A nan Yusufawa suka yi sansani, jama'a suka yi ta kwararowa wurinsu, waɗanda aka tuɓe da waɗanda aka ƙwace wa gidaje da bayin sarki na zamanin Abdullahi. Gumel ma ta ba su hannu. Suka shiga bin garuruwan gabas, wanda ya bi su ya tsira, wanda ya ƙi su ci shi da yaƙi, kamar yadda suka yi wa Gaya. Sarkin Musulmi ya aika wa sauran sarakuna su taimaki Tukur, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa.

Yau in kin tsaya a bayan garin, abin da za ki gani gonaki ne, an girbe dawa an bar tushiya, ga kukoki tsaye, ga yara suna kiwon awaki. Mun zazzaga ba mu ci karo da allo ko ɗaya mai bayanin abin da ya faru ba. Wanda bai san labarin ba zai wuce da gudu, bai san ya ratsa wurin da aka ƙulla yaƙin da ya juya sarautar Kano ba.

Abin da allo bai gaya mana ba, wata tsohuwa ta gaya mana. A gidan da muka shiga yin salla muka same ta tana ɓarzar gyaɗa. Bayan mun durƙusa mun gaisa na ce, “Iya, ko kin taɓa jin labarin Basasa a bakin manya?”

Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, daga ina ku ke?”

Na ce, “Daga ƙasar Anka, Iya, can Zamfara.”

Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Ashe ku ma kun san abin. To, kakata tana yarinya aka yi shi. Ita ba ta riƙe sunan sarki ko ɗaya ba. Abin da ta riƙe, wani dare uwarta ta tashe ta daga barci, ta ɗaura mata ƙullin gari a zane, suka shiga jeji. Da suka komo rumbu babu ko tsaba. Kuma ta ce wanda ya zo ya kwashe hatsin ba baƙo ba ne, uwarta ta san shi, ta san uwarsa.”

Muka yi mata godiya muka fito. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata, wadda danginta ke gudun hijira a Anka, ba ta ce uffan ba har muka shiga mota.

A kan hanyar komowa muka ratse zuwa Garko, kudu da Wudil. Yusufawa sun taɓa kai wa birnin Kano hari tun da fari amma ba su ci nasara ba, aka kashe musu mutane da yawa, aka kama waɗansu. Suna cikin shirin komawa sai ciwo ya kama Yusufu, ya rasu a Garko a 1894, shi ya sa a ke ce masa Maje Garko. Mutumin da aka yi yaƙin dominsa ko kwana ɗaya bai yi a gadon sarauta ba. Muka tsaya daga nesa muka yi masa addu'a, shi da dukan waɗanda suka rasa rayukansu ta kowane gefe.

A nan kuma sai ga wata mace ta sake shigowa labarin. Wanda aka ɗora a madadin Yusufu shi ne ƙanensa Aliyu, wanda a ke kira Alu Babba. Yusufu yana da 'yan'uwa da yawa, har da waɗanda suka girmi Aliyu. Amma mahaifiyar Aliyu, Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Yusufawa sun lura in suka ci Kano, Sakkwato za ta fi saurin haƙura da jikan gidanta. Haka kuwa aka yi daga baya. Kun ga auren da aka kashe ya hura wutar, auren da aka ƙulla kuma ya taimaka wajen kashe ta.

RANA TA BIYU: TAFASHIYA

Cikin daminar 1894 Aliyu ya shiga birnin Kano da ƙarfi. Tukur ya fita da jama'arsa ya nufi arewa, ya sauka Kamri cikin ƙasar Katsina, yana jiran gudummawar da ba ta zo yadda ya ke bukata ba. Gidajen Tukurawa da sarautunsu suka koma hannun Yusufawa, watau abin da aka yi wa 'ya'yan Abdullahi jiya shi aka yi wa na Bello yau. Matan wancan gefe kuma su ne yanzu a kan hanya da goyo a baya.

Wani Bature mai suna Charles Robinson, wanda ya zo koyon Hausa, ya iso Kano a ƙarshen 1894 ana tsakiyar wannan hali, ya yi wajen wata uku, ya kuma rubuta labarin yawan bayin da ya gani ana sayarwa a kasuwa. A yaƙi irin wannan, wanda aka kama ɗan ƙasa ne, mai salla ne, mai yiwuwa ma dangi ne. Wannan shi ne munin basasa a kan sauran yaƙe-yaƙe.

Don mu ga inda abin ya ƙare, sai muka yi sammako muka hau titin Katsina, muka wuce Bichi da Tsanyawa, muka shiga ƙasar Kankiya, tafiyar sama da kilomita 100. Kafin mu tashi sai da Yaya ya tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, domin wannan yanki ma 'yan bindiga sun taɓa shi. A Tafashiya ne Aliyu ya cim ma Tukur a watan Maris na 1895. Aka gwabza, aka karya Tukurawa, aka yi wa Tukur raunin da bai tashi ba. Ko shekara guda bai cika a cikin gidan sarautar Kano ba.

Fili ne shimfiɗaɗɗe, irin wanda doki ke so. Na tsaya ina duban hazo yana bin gonaki, ina lissafi irin namu na malaman makaranta. Bello ya yi shekara goma yana gyara wa ɗansa gado, ɗan bai more shi ba. Yusufu ya fita neman gadon, ya mutu a hanya. Mutane nawa ne suka hallaka a tsakani, mata nawa suka yi takaba, 'ya'ya nawa aka sayar? Yaya ya ce, “Ke dai, Malama, shigo mu tafi, rana tana yi.” Kafin la'asar muna Kano.

ƘARSHEN LABARIN A ƘASARMU YA KE

Wataƙila wata za ta ce, mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ina ruwanmu da rigimar gidan sarautar Kano? To, ku saurara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan shekaru kaɗan bayan Basasa, Sarkin Damagaram ya kawo yaƙi har cikin ƙasar Kano. Bayansa kuma sai ga Turawa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 suka ci birnin Kano, Sarki Aliyu kuwa ba ya nan, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa gai da sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Suna kan hanyar komowa, a nan ƙasar Zamfara, labari ya iske su. A Birnin Goga, wajen Kaura Namoda, Aliyu ya rabu da rundunarsa da dare. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi yaƙi, suka yi karo da sojan Turawa kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen watan, aka kashe shi a nan tare da jama'a da yawa. Wambai Abbas, shi ma ɗan Abdullahi ne, ya koma Kano da sauran, Turawa suka naɗa shi Sarki. Aliyu kuwa aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926.

Watau waɗanda suka ci Basasa shekara tara kacal suka yi kafin nasu ya zo, kuma a ƙasarmu ya same su. Duk wadda ta taɓa shiga mota daga Gusau zuwa Tsafe ta ga dutsen Kwatarkwashi. Sau nawa muka wuce ta gindinsa muna barci ko muna cinikin rake ta taga? Da muka zo wurin a kan hanyarmu ta komowa gida, na roƙi direban motar haya ya sassauta, na nuna wa matan da ke kusa da ni, na ba su labarin a taƙaice. Wata dattijuwa ta ce shekara talatin tana bin hanyar nan, ba wanda ya taɓa gaya mata.

YADDA WAƊANSU KE YI DA NASU

A Amurka an yi basasa daga 1861 zuwa 1865. Fagen fama mafi suna a can shi ne Getisbag, inda aka yi kwana uku ana gwabzawa a watan Yuli na 1863, mutum wajen 50,000 suka mutu ko suka yi rauni ko suka ɓace. Mutanen ƙasar ba su bar wurin ya ɓata ba. Sun kafa duwatsun tunawa sama da 1,300, sun shata hanyar mota mai wuraren tsayawa 16, ko wane da bayaninsa, har magidanci ya kan ɗebi matarsa da 'ya'yansa su yini suna zagayawa. An kuwa tuna da matattun gefe biyu duka. A nan ƙasarmu ma akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, cikin Jihar Abiya, inda aka ajiye motocin yaƙi da jirage na basasar 1967.

Mu namu tarihin yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa tafiya su ke yi. Allo ɗaya na ƙarfe a bakin titi, da rubutun boko da ajami, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da hukumomin ilmi su dubi wannan.

ABIN DA YA SHAFE MU

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na kawo wannan labari a filin mata. Sarauta ta maza ce, yaƙi na maza ne, amma 'yan ubanci a ɗakunanmu a ke shayar da shi. Ina koyar da yara ƙanana, ina kuwa jin abin da su ke faɗi. Yaro ɗan shekara bakwai ya kan ce da ɗan'uwansa, “Kai ba ɗan ɗakinmu ba ne.” Yarinya ta kan ƙi cin tuwon da aka aiko daga ɗakin abokiyar zaman uwarta, don an hana ta. Yaran nan ba da wannan aka haife su ba, a bakinmu suka ji. Ran da uban ya kwanta dama aka zo rabon gona, abin da muka shuka shi zai tsiro. In 'ya'yan wa da ƙane, masu kaka ɗaya, sun iya yin abin da aka yi a Tafashiya, ina ga 'ya'yan kishiyoyi waɗanda aka raina da gaba tun suna goye?

Ba kuwa a cikin gida kaɗai ba. Mu a nan yammacin Zamfara ba mu bukatar a fassara mana basasa. Sama da shekara goma ke nan muna cikin tashin hankali, ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma saura, mata da yara sun cika Anka da sauran manyan garuruwa suna gudun hijira. Kowa ya san mafarin abin, satar shanu da rikicin gona da burtali da ramuwar gayya tsakanin mutanen da dā kasuwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wannan ta kawo nono wannan ta ba ta gero. Abin da tsohuwar Takai ta ce, cewa wanda ya kwashe hatsin an san uwarsa, da yawa cikinmu za su iya faɗin irinsa yau. Maganin bindiga yana hannun hukuma, muna kuwa roƙonta ta tsaya tsayin daka. Amma abin da za a gaya wa yaron da aka haifa a gudun hijira, wannan a hannunmu ya ke. In muka ce masa wane da wane ne suka yi mana ɓarna, Allah ya isa, hukuma ta bi mana hakki, mun faɗi gaskiya. In kuwa muka ce masa kabila kaza duk abokan gabanka ne, to mun ɗaura masa takobi tun bai yi kaciya ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka ina ba mu shawara uku. Ta fari, kada uwa ta ɗora wa ɗanta kishinta. Abin da ke tsakaninki da abokiyar zamanki ya tsaya a kanku, 'ya'ya su ci a ƙwarya ɗaya. Ta biyu, mu riƙa tuna wa mazanmu su daidaita tsakanin 'ya'yansu tun suna da rai, in kuwa an yi rasuwa a raba gado da wuri bisa shari'a, a ba mata nasu, gama gadon da aka bari ya kwana shi ke zama gaba. Ta uku, kada a kashe auren yarinya don manya sun ɓata. Mun ga abin da wannan ya jawo a Kano.

GA MAI SON ZUWA

Wadda Allah ya hore wa zuwa Kano, tafiyar Takai da Garko ba ta da wuya, yini ɗaya ta isa. A tafi da kaka ko da hunturu, sa'ad da gonaki suka buɗe a ke ganin fili. A guji ranar Juma'a, don ran nan kasuwar Wudil ke ci, titi ya kan cushe. A tafi da muharrami, a riƙe ruwa da guzuri da ɗan goro na gaisuwa. In an isa gari a fara da ƙofar hakimi ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, su za su haɗa ku da wanda ya san wuri. Ku kuwa mata, ku nemi izini ku shiga cikin gida wurin tsofaffi, domin abin da za su gaya muku maza ba su riƙe shi ba. A tafi da littafi da alƙalami. Hanyar Kankiya da tamu ta Gusau kuwa, kada a hau sai an tambayi lafiyarsu a ranar, kada kuma a yi dare.

Wadda ba ta sami zuwa ba, tana da abin yi a gida. Malamai 'yan'uwana, mu sa 'yan aji biyar da shida ko wane ya je wurin kakarsa ya rubuto labari ɗaya na dā, na yaƙi ko na yunwa ko na ƙaura, mu tara su a makaranta. Ni na soma da nawa ajin, na kuwa sami shafi goma sha ɗaya a mako na fari. Wadda ke da irin wannan labari na garinsu, ta rubuto wa Edita, za mu buga a wannan fili in Allah ya so.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, na Takai da na Tafashiya da na Kwatarkwashi. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya mai da kowa gidansa, ya haɗa kan 'ya'yanmu. Amin. Sai mako mai zuwa.